Yadda Ake Bin Diddigin Yawan Jama'a da Kuɗin Shigarsu a Ƙaramin Ƙauye

Duk wanda ya saba hulɗa da mutanen karkara ya sha jin ana cewa ƙauye kaza ya watse domin samari duk sun tafi, ko kuma a ce yanzu an samu rufin asiri fiye da shekarun baya. Wani lokaci maganar gaskiya ce, wani lokaci kuwa ido ne ya ga gidaje biyu a kulle, ko sabon gini guda a bakin hanya, sai baki ya yanke wa gari duka hukunci. Shugaban makarantar da ke son sanin yaran da za su shiga aji ɗaya nan da shekara biyar, da ma'aikacin lafiyar da ke lissafin allurar rigakafi, da ƙungiyar ci gaban gari, da ɗalibin da ke rubuta kundin bincike, dukkansu suna bukatar abin da ya fi zato ƙarfi. Aikin ba ya bukatar kuɗi mai yawa ko na'ura mai tsada, amma yana bukatar natsuwa, domin a wurin da mutane ba su da yawa alƙaluma suna saurin ruɗar mai karanta su, kuma akasarin kurakuran da ake tafkawa daga nan suke fitowa.

A fara da iyaka, da kuma wanda za a ƙirga

Kafin a ƙirga mutum ko ɗaya, a zauna a rubuta inda ƙauyen ya fara da inda ya ƙare. A zana taswira ko da da hannu ne, a sa hanyoyi da rafuka da manyan gine-gine, a yanke shawara a kan gidajen da ke warwatse a bayan gari da ƙananan unguwannin da ke gefe, ko suna ciki ko ba sa ciki. Duk shawarar da aka yanke a rubuta ta da kwanan wata, saboda wanda zai maimaita aikin bayan shekara biyar ya bi iyaka ɗaya. Sau da yawa idan aka ga yawan jama'ar wani ƙauye ya yi tsalle tsakanin ƙidaya biyu, ba haihuwa ba ce kuma ba baƙi ba ne, iyaka ce hukuma ta faɗaɗa ta haɗe wata unguwa.

Daga nan sai tambayar da ta fi wuya, wato wane ne ɗan ƙauyen. Masana ƙidaya suna da hanyoyi biyu. Ta farko ita ce a ƙirga duk wanda ya kwana a wurin a daren da aka ware, ko baƙo ne. Ta biyu ita ce a ƙirga wanda nan ne mazauninsa na yau da kullum, ko da ranar ba ya gida. A ƙauyen da mutane ke fita neman kuɗi na wasu watanni sannan su dawo, bambancin hanyoyin biyu yana iya kai wa mutum ɗari ko fiye. Abin da ya fi dacewa shi ne a rubuta kowa, sannan a gaban sunansa a nuna watanni nawa ya yi a ƙauyen cikin watanni 12 da suka wuce. Da wannan za a iya fitar da lissafin ta kowace hanya aka ga dama daga baya, kuma bincike da yawa suna ɗaukar wata shida a matsayin mizanin zama ɗan gida.

Haka nan a tsayar da ma'anar gida. A aikin ƙidaya ba katanga ce ke yin gida ba, tukunya ce: mutanen da suke kwana wuri ɗaya kuma suke haɗa abincinsu da sauran bukatunsu su ne gida ɗaya. Ana iya samun iyali uku a gewaye guda kowa da tukunyarsa, to gidaje uku ke nan. Idan a zagaye na farko an ɗauke su gida ɗaya, a na biyu kuma aka raba su uku, lissafi zai nuna kuɗin shigar gida ya faɗi warwas alhali babu abin da ya canza.

Abin da aka riga aka rubuta

Kada a raina tsofaffin takardu. Majalisar Ɗinkin Duniya tana ba ƙasashe shawarar su yi ƙidayar jama'a aƙalla sau ɗaya a kowace shekara goma, don haka a nemi sakamakon ƙidayoyin baya a ofishin ƙididdiga. A haɗa da rajistar makarantar firamare, da littafin haihuwa da rigakafi na asibitin sha-ka-tafi, da rajistar masu zaɓe, da bayanan haraji ko na ƙungiyoyin manoma. Kowane ɗaya yana da inda yake karkata, domin rajistar masu zaɓe takan riƙe sunayen waɗanda suka rasu ko suka ƙaura, littafin asibiti kuwa ba ya ganin haihuwar gida, jerin masu karɓar tallafi kuma yakan kumbura. Amfaninsu yana fitowa ne idan an jera su gefe da gefe aka ga inda suka dace da inda suka saɓa.

Akwai kuma alƙaluman da hukumomi ke fitarwa daga binciken da ba kowane gida ake shiga ba, sai wasu da aka zaɓa su wakilci saura. Irin waɗannan suna da inganci a matakin ƙasa ko jiha, amma suna rauni ƙwarai idan aka sauko kan ƙaramin wuri. Hukumar ƙidaya ta Amurka, duk da ƙarfin da take da shi, ba ta fitar da cikakken ƙiyasin shekara guda sai ga wuraren da suka kai mutum 65,000. Ƙananan garuruwa sai ta tara bayanan shekara biyar a haɗe, kuma ta buga tazarar kuskure a gefen kowane adadi. Idan aka ga adadin ƙauye tare da irin wannan tazara, a karanta su tare. Ƙiyasin da ya ce 400 amma yana iya yin sama ko ƙasa da 120 ba zai iya tabbatar da cewa an ragu daga 450 ba.

Shiga gida-gida

Ƙanƙantar ƙauye tana da alfanu guda babba, wato ana iya ƙirga kowa da kowa ba tare da zaɓe ba. A nemi izinin shugabannin gari, a bayyana wa jama'a dalilin aikin a fili, a kuma faɗa musu gaskiya cewa ba rabon tallafi ba ne kuma ba haraji ba ne, domin wanda ya zaci tallafi zai ƙara yawan 'ya'yansa, wanda ya zaci haraji kuwa zai rage dabbobinsa. A ba kowane gida lamba a kan taswira, kowane mutum ma a ba shi lambar da ba za ta canza ba har abada. A rubuta jinsi, da shekaru, da dangantaka da mai gida, da wurin haihuwa, da matakin karatu, da sana'a ta farko da ta biyu. A yi tambaya a kan jarirai da tsofaffi da masu aikin gida da sunansu, saboda su ne aka fi mantawa da su. Yana da kyau a samu mata cikin masu tambaya, domin labarin haihuwa da rasuwar yara a bakin iyaye mata ya fi cika.

Shekaru su ne suka fi ba da wahala a inda takardar haihuwa ba ta yawaita ba. Mutane sukan jingina shekarunsu da adadin da ya ƙare da sifili ko biyar, sai a tarar da masu shekara 40 sun ninka masu 39 da masu 41 a haɗe. Maganin wannan shi ne a zauna da dattawa tun kafin a fara a tsara jerin manyan abubuwan da kowa ke tunawa tare da shekarunsu, kamar babbar ambaliya, ko buɗe makaranta, ko zuwan hanya, sai a riƙa auna haihuwar mutum da su. Bayan an gama kuma akwai hanyar gwada ingancin abin da aka tattara, wadda ake kira ma'aunin Whipple. A ɗauki duk masu shekara 23 zuwa 62, a ƙirga waɗanda shekarunsu suka ƙare da 0 ko 5, a raba da kashi ɗaya bisa biyar na jimillarsu, a ninka da 100. Idan sakamakon ya tsaya kusa da 100, shekarun suna da kyau; idan ya haura 175, sun yi rauni sosai, kuma sai a daina aiki da shekara ɗaiɗai a koma rukuni-rukuni masu faɗi.

Lissafin ƙaruwa da raguwa

Abubuwa huɗu kaɗai ke canza yawan jama'ar kowane wuri: haihuwa, da rasuwa, da shigowa, da fita. A ɗauka cewa ƙauye yana da mutum 1,200, bayan shekara biyar aka tarar da 1,170. Mai gaggawa zai ce kusan babu abin da ya faru, tunda mutum 30 ne kawai suka ragu. Amma idan aka buɗe lissafin aka ga an haifi 190, an rasa 60, mutum 45 sun shigo, 205 sun fita, sai labarin ya sauya gaba ɗaya. Haihuwa ta ɗara rasuwa da 130, fita ta ɗara shigowa da 160, wato ƙauyen yana haifar mutane yana raino, wasu wurare suna kwashe su da zarar sun girma. Wannan ne ya sa jimilla ita kaɗai ba ta isa ba, kuma duk rahoton da ya tsaya a kanta bai faɗi komai ba tukuna.

Domin a iya kwatanta shekara da shekara ko wuri da wuri, akan mayar da haihuwa da rasuwa zuwa adadi cikin kowane mutum 1,000. A misalin da ya gabata, haihuwa 190 cikin shekara biyar ita ce 38 a shekara, idan aka raba da matsakaicin yawan jama'a na 1,185 aka ninka da 1,000 za a samu kusan 32. Wajen saurin ƙaruwa kuma a tuna cewa ƙari yana hawa kan ƙari. Ƙauyen da ya tashi daga 1,000 zuwa 1,280 cikin shekara goma ya ƙaru ne da kashi 2.5 cikin ɗari a shekara, ba 2.8 ba. Idan ana son sanin lokacin da jama'a za su ninka, a raba 70 da saurin ƙaruwar, wato kashi 2 cikin ɗari zai ɗauki kimanin shekara 35.

A nan ne ya kamata a yi taka-tsantsan fiye da ko'ina. A ƙauyen da aka saba rasa kimanin mutum 10 a shekara, ƙa'idar lissafi ta nuna cewa adadin yana iya yawo tsakanin 4 da 16 ba tare da wata annoba ko wani ci gaba ya auku ba. Idan bara an rasa 8 bana kuma 12, ana iya rubuta cewa mace-mace sun ƙaru da kashi 50 cikin ɗari, lissafin daidai ne, amma fassarar ɓata ce, kuma tana iya tayar da hankalin gari a banza. Don haka a riƙa haɗa shekara uku ko biyar kafin a fitar da adadi, a riƙa rubuta ainihin yawan mutanen a gefen kowane kaso, kuma kada a ce an ga alƙibla sai an samu ma'auni uku ko fiye da suke fuskantar gefe ɗaya. Ma'auni biyu bambanci kawai suke nunawa.

Su wa suka rage, su wa suka tafi

A raba jama'a rukunin shekara biyar-biyar ko goma-goma, maza a hagu mata a dama, a zana kowane rukuni bisa yawansa daga ƙananan yara a ƙasa zuwa tsofaffi a sama. Zanen zai nuna abin da jadawali ke ɓoyewa. Idan ƙasansa yana da faɗi, haihuwa tana da yawa. Idan ya tsuke a tsakiya tsakanin shekara 20 da 40, musamman a ɓangaren maza, masu ƙarfi ne suka fita. Idan kuwa ƙasan ne ya fara tsukewa yayin da sama ke faɗaɗa, ƙauyen yana tsufa kuma makaranta za ta fara rasa ɗalibai. A kusan ko'ina a duniya ana haifar maza kimanin 105 a kan kowace mata 100, saboda haka idan aka tarar da maza 70 a kan mata 100 a cikin matasa, ba daga haihuwa abin ya faro ba.

Akwai kuma ma'aunin nauyin ɗawainiya, inda ake haɗa yara 'yan ƙasa da shekara 15 da tsofaffi masu 65 zuwa sama, a raba da yawan masu shekara 15 zuwa 64. Idan yara 500 ne, tsofaffi 60, na tsakiya 610, to kowane mutum 100 masu shekarun aiki suna ɗauke da kusan 92. A karkara wannan ma'auni yana bukatar sharhi, domin yara da tsofaffi da yawa suna aiki, wasu masu shekarun aikin kuwa ba su da abin yi.

Ƙaura daga karkara ba sabon abu ba ne kuma ba na ƙauye ɗaya ba ne. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa a 1950 kashi 30 cikin ɗari na mutanen duniya ne ke zaune a birane, a 2018 sun kai kashi 55, kuma a lokacin an yi hasashen za su kai 68 a 2050. Tun a 1885 Ernst Ravenstein ya lura daga ƙidayar Birtaniya cewa yawancin masu ƙaura ba sa yin nisa, kuma sukan tafi mataki-mataki daga ƙauye zuwa ƙaramin gari kafin babban birni. Saboda haka a tambayi kowane gida wanda ya fita, da shekarar fitarsa, da inda ya nufa, da dalili, ko aure ne ko karatu ko neman aiki, da kuma ko yana aiko da wani abu. Gidajen da suka tashi gaba ɗaya ba su bar mai ba da labarinsu ba, sai a tambayi maƙwabta.

Kuɗin shiga

Tambayar mutumin karkara nawa yake samu a wata ba ta haifar da amsa mai amfani, ba don yana ɓoyewa ba kawai, sai don tambayar ba ta dace da rayuwarsa ba. Samunsa yana zuwa ne gutsure-gutsure daga wurare daban-daban a lokuta daban-daban, kuma babban kaso daga ciki ba ya taɓa zama tsabar kuɗi. Hanyar da ta fi ita ce a bi kowace kafa ɗaya bayan ɗaya. A noma, a rubuta abin da aka girbe na kowane amfani, da abin da aka sayar, da abin da aka ci a gida, da abin da aka bayar, a yi wa dukkansu kuɗi bisa farashin da manomin zai samu a bakin gona, sannan a cire kuɗin iri da taki da ƙwadago da hayar fili. A kiwo, a lissafa abin da dabbobi suka samar da waɗanda aka sayar, a cire abinci da magani. Sai ladan ƙwadago da albashi, sai ribar ƙananan sana'o'i bayan an cire uwar kuɗi, sai aike daga 'yan uwa na nesa, sai fansho da tallafi da haya.

Kurakurai uku ne suka fi yawa a wannan mataki. Na farko shi ne mantawa da abin da gida ya noma ya ci, wanda ke sa manomin da ya ƙoshi ya bayyana kamar ya fi ɗan ƙwadagon da ke sayen kowane awo talauci. Na biyu shi ne ɗaukar bashi ko kuɗin sayar da gona a matsayin samu, alhali gidan da ya sayar da kadararsa yana cin jikinsa ne. Na uku shi ne tambayar mai gida shi kaɗai, domin sau da yawa bai san ribar sana'ar matarsa ko ta 'ya'yansa ba, ko kuma ba ya ɗaukarta a bakin komai. A tambayi kowane mai samu da bakinsa, kuma a keɓe.

Saboda waɗannan wahalhalu ne manyan bincike, irin wanda Bankin Duniya ya ƙaddamar a 1980 domin auna yanayin rayuwar gidaje, suka fi dogaro da abin da gida ya ci ya kashe a ƙasashen da noma ya fi rinjaye. Samu yana hawa da sauka da yanayin shekara, ci kuwa ya fi tsayawa wuri ɗaya tunda mutane suna ajiya suna kuma cin bashi. Idan akwai hali a auna duka biyun. A tambayi abincin kwana bakwai da suka wuce, ƙananan sayayya na wata guda, manyan abubuwa kamar tufafi da kuɗin makaranta da jinya na shekara guda. Tsawon lokacin da ake tambaya a kansa ba ƙaramin abu ba ne: gwaje-gwajen da aka yi a Indiya a shekarun 1990 sun nuna cewa idan aka tambayi abincin kwana bakwai maimakon na kwana talatin, adadin da mutane ke faɗa yana ƙaruwa sosai, har ƙiyasin talauci ya sauka ba tare da kowa ya ƙara cin komai ba. Darasin shi ne kada a canza tsarin tambaya tsakanin zagaye da zagaye, kuma a riƙa komawa a wata ɗaya na shekara, domin gidan da aka ziyarta bayan girbi ba shi ne gidan da za a tarar lokacin da rumbu ya yi ƙasa ba.

Kason da abinci ke ci daga kashe-kashen gida ma alama ce mai kyau. Tun a 1857 masanin ƙididdiga na Jamus Ernst Engel ya nuna cewa yayin da samun gida ke ƙaruwa, kason da yake kashewa a abinci yana raguwa. Idan wannan kaso yana sauka a hankali cikin shekaru, akwai alamar sauƙi ko da mutane ba su faɗi samunsu daidai ba.

Yadda za a taƙaita abin da aka samu

Kada a dogara da matsakaicin da ake samu ta hanyar tara kuɗin kowa a raba da yawan gidaje. A ɗauki gidaje tara masu samun 40, 45, 50, 50, 55, 60, 65, 70 da 600. Jimillarsu 1,035 ce, idan aka raba tara kowa ya tashi da 115, adadin da gidaje takwas daga cikin taran ba su ko kusance shi ba. Idan kuwa aka jera su daga ƙarami zuwa babba aka ɗauki na tsakiyar layi, za a samu 55, wanda shi ne ya fi kama da rayuwar yawancinsu. A ƙaramin ƙauye attajiri ɗaya ya isa ya ɗaga matsakaicin gari, don haka a riƙa bayar da na tsakiyar layi, tare da kason da kashi ɗaya bisa biyar na ƙasa da na sama suke samu daga jimilla. Mai son adadi guda na rashin daidaito yana iya amfani da ma'aunin da Corrado Gini ɗan Italiya ya fitar a 1912, wanda ke tafiya daga 0 (samun kowa ɗaya ne) zuwa 1 (gida ɗaya ya kwashe duka), amma a gidaje kaɗan shi ma yana rawa.

Sai a cire tasirin hauhawar farashi. Idan samun gida ya tashi daga 100 zuwa 150 a lokacin da farashin kaya ya tashi daga 100 zuwa 180, ainihin ƙarfin sayensa ya koma kusan 83, wato ya ragu da kimanin kashi 17 cikin ɗari duk da cewa takardun kuɗin hannunsa sun ƙaru. Ma'aunin farashi na ƙasa yakan karkata ga birane, don haka yana da kyau a zaɓi kaya goma zuwa ashirin da mutanen wurin suka fi saya, a riƙa rubuta farashinsu da ma'auni ɗaya a kowane zagaye. Sannan a raba samun gida da yawan mutanensa, tunda 60 a gidan mutum uku ba ɗaya ba ne da 60 a gidan mutum goma.

Game da layin talauci, wato adadin da ake ɗaukar wanda bai kai shi ba a matsayin matalauci, wanda ƙasa ta tsara wa kanta ya fi dacewa idan akwai shi. Na duniya wanda Bankin Duniya ke amfani da shi ya fara ne da dalar Amurka ɗaya a rana a 1990, ya koma 1.90 a 2015, sannan 2.15 a 2022, sannan 3.00 a 2025, kuma ana lissafa shi ne bisa ƙarfin sayen kuɗi a kowace ƙasa, ba bisa canjin kasuwa ba. Wanda ya juya shi da farashin 'yan canji zai fitar da sakamako marar tushe. Kuɗi kuma ba shi kaɗai ne ma'auni ba. Ma'aunin talauci mai fuskoki da yawa da aka fara fitarwa a 2010 yana duba lafiya da ilimi da yanayin rayuwa ta alamomi goma, irin su ruwan sha da makamashin girki da wutar lantarki da zuwan yara makaranta, kuma yawancinsu ana iya ganinsu da ido lokacin ziyara.

Karanta lissafin biyu a tare

Babban kuskuren da ake yi bayan an sha duk wannan wahala shi ne a rubuta babin jama'a daban, babin kuɗi daban, kamar ba su san juna ba. A koma kan gidaje taran nan. Idan masu 40 da 45 suka gaji suka tashi, na tsakiyar layi zai koma 60 maimakon 55, rahoto ya ce an samu ci gaba na kusan kashi 9 cikin ɗari, alhali babu gidan da ya ƙaru da komai, talauci ne ya sauya mazauni. Akasin haka ma yana faruwa, inda ƙauyen da ya ilimantar da 'ya'yansa suka samu aiki a wasu wurare zai bayyana kamar ya tsaya cik, domin waɗanda suka fi cin ribar sun fita daga lissafi. Saboda haka a kowane zagaye a fitar da adadi biyu, ɗaya na duk gidajen da ke nan yanzu, ɗaya kuma na gidajen da aka samu a zagayen biyu kaɗai, kuma a yi ƙoƙarin samun labarin waɗanda suka fita ko da ta waya ne. Lambobin dindindin da aka ba mutane tun farko a nan suke nuna amfaninsu.

Misalin abin da irin wannan haƙuri ke haifarwa shi ne ƙauyen Palanpur da ke jihar Uttar Pradesh a Indiya, wanda aka fara bincikensa a 1957 zuwa 1958, masana irin su Christopher Bliss da Nicholas Stern suka koma a 1974 zuwa 1975, aka kuma ci gaba da komawa har cikin wannan ƙarni. Jama'arsa sun ninka fiye da sau biyu a kan filin noman da bai ƙaru ba, kuma saboda an bi iyalai ɗaya daga iyaye zuwa jikoki aka iya ganin yadda ayyukan da ba na gona ba suka riƙa ɗaukar kaso mai girma na samun mutane, abin da ziyara ɗaya ba za ta taɓa nunawa ba.

Abin da mutane suka faɗa game da dukiyarsu da basussukansu da rasuwar 'ya'yansu amana ce, kuma a wurin da kowa ya san kowa cire suna kaɗai ba ya ɓoye mutum, domin idan aka rubuta samun mai injin niƙa guda ɗaya da ke garin an riga an faɗi sunansa. Duk rukunin da bai kai gidaje biyar ba a haɗe shi da wani kafin a buga. A ajiye jerin sunaye daban da amsoshi, a yi kwafi biyu na komai a wurare biyu, a kuma rubuta takarda guda mai bayyana iyaka da ma'anar gida da watan da aka yi aikin da ainihin kalmomin tambayoyin. Kafin a miƙa rahoto ga kowace hukuma, a tara mutanen ƙauyen a karanta musu sakamakon, domin su ne za su ce an tsallake gida kaza, ko kuma raguwar shekara kaza ta faru ne saboda an rufe wata ma'aikata a garin da ke kusa, kuma irin wannan gyara a shigar da shi cikin takardar kafin a sa ranar zagaye na gaba.